Yadda ake shirya gasar kacici-kacici a Damagaram ba tare da gardama ta watsa taro ba

Gasar kacici-kacici ba ta cin kuɗi kamar ta ƙwallo, ba ta kuma neman fili kamar kokowa. Rumfa, tabarmi, allo da lasifika sun wadatar, ko a harabar lakwal ne, ko a ƙofar fadar samari a Zango, Birni ko Garin Malam. Abin da ke rushe ta kusan kullum ɗaya ne: tambayar da ke da amsa biyu. Da zarar wani mushe, wato malamin makarantar boko, ya miƙe daga cikin taro ya ce ba haka littafinsa ya faɗa ba, shi ke nan, an bar gasa an koma shari'a. Don haka mafi yawan aikin yana kan takarda ne, makonni kafin a kafa rumfa.

A fara da lissafi

Tsarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne ƙungiya 8, kowace da mutum 3 da ɗan jiran gurbi 1. Fannoni biyar: wasanni, tarihi, kiɗa da waƙa, labarin ƙasa, kimiyya. Zagaye uku.

A zagayen farko duk ƙungiyoyin suna amsa tambaya iri ɗaya a rubuce, a kan ardwaz, wato ɗan allon hannu na ɗalibai, su ɗaga a tare idan an buga ƙararrawa. Tambaya 25, biyar daga kowane fanni. Ana ba da sakan 30 na shawara, amma idan aka haɗa da karantawa sau biyu da duba alluna takwas, kowace tambaya tana cin kusan minti ɗaya da rabi, wato zagayen zai ɗauki wajen minti 40. Ƙungiya huɗu na sama su wuce. A zagayen kusa da na ƙarshe ana karawa biyu-biyu da baki, kowace ƙungiya tambaya 5, jimilla 20. Zagayen ƙarshe kowace ƙungiya tambaya 10, wasu 20 ke nan. An tashi da 65. A ƙara 15 na ajiya, uku a kowane fanni, da 5 na raba kunnen doki. Amma kada a zauna rubuta 85 cif. A rubuta wajen 120 ban da na raba kunnen dokin, domin kashi ɗaya cikin uku zai zube wajen tantancewa.

Da addu'ar buɗewa, hutu da rabon kyauta, taron zai ci awa biyu ko fiye. Wannan lissafin ne ke nuna cewa tsakanin la'asar da magariba ba zai isa ba, balle lokacin ɗari da rana ke saurin faɗuwa. Ko dai a yi shi da hantsi, daga ƙarfe 9 zuwa 11 da rabi, ko bayan isha'i in akwai wuta mai tabbas, ko a raba shi kwana biyu. A watan Afrilu da Mayu, kada ma a yi tunanin zaunar da yara ƙarƙashin kwano bayan ƙarfe 11.

Rubuta tambaya

Kowace tambaya a kan katinta: fanni a sama, tambaya, amsa, sauran lafuzzan da za a karɓa, sai inda aka samo ta. Wurin samowa biyu ake so, kuma waɗanda ba su kwafi juna ba. Shafuka goma na intanet da suka ɗauko daga wuri guda shaida ɗaya ce. Bayan an rubuta, a ba wani ya karanta da niyyar neman amsa ta biyu. In ya samu, a gyara lafazin ko a yaga katin.

Tarihi ne ya fi kowane fanni jawo hayaniya a garin nan, saboda kowa yana da kaka da ya ba shi labari. Abin da ya tabbata a rubuce shi ake tambaya. Damagaram ta riƙe matsayin babban birnin ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. An kashe Kyaftin Cazemajou a nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, sojojin Faransa suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya kuma tara bindigogi da igwa, ya rasu a 1884. Waɗannan duk suna tsayuwa. Amma shekarar kafuwar masarautar da tsawon mulkin sarakunan farko, littattafai sun saɓa da juna, bakin maroƙa ma ya saɓa da littattafai. A bar su, ko a tambayi jeri maimakon shekara: wa ya riga wani hawa gadon sarauta, Tanimu ko Kuran Daga?

Ga tarkon da ya fi kama masu shiri. Aka ce, "Yaushe Nijar ta samu kanta?" Wani zai ce 18 ga Disamba 1958, wani ya ce 3 ga Agusta 1960, kuma kowa yana da hujja, tunda ta farko ranar jamhuriya ce, ta biyu ta samun ƴancin kai. A faɗi wadda ake nufi ƙarara. Haka "shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa": in Diori Hamani ake so a ce shugaban farko bayan ƴancin kai, in Mahamane Ousmane ake so a ce wanda ya ci zaɓen jam'iyyu da yawa na 1993. Tambaya mai kyau ta matsakaicin wuya ita ce a ba da suna huɗu a ce a jera su bisa mulki, misali Seyni Kountché, Ali Saibou, Ibrahim Baré Maïnassara, Mamadou Tandja. Ba ta da kwana-kwana, kuma tana sa mutum uku su haɗa kai. Siyasar yau kuwa, da duk tambayar da amsarta yabo ce ko zargi, ba ta da wurin zama a gasa.

A wasanni, matsalar ita ce shekarar suna da shekarar bugawa. Kofin Afirka da ake kira na 2023 an buga shi ne a farkon 2024 a Kwaddebuwa, mai masauki ta ci. Na 2021 an buga shi a 2022 a Kamaru, Senegal ta ɗauka. Wasannin Olamfik na Tokyo suna ɗauke da 2020 amma a 2021 aka yi su. Maganin shi ne a ambaci wurin: "Wace ƙasa ta ci Kofin Afirka da aka buga a Kamaru a 2022?" Kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, ma haka take. An fara ta a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, amma akwai shekarun da ba a yi ta ba, wani zubin kuma takan fara a Disamba ta ƙare a Janairu. A haɗa garin da ya karɓi baƙunci da shekarar, kada a dogara da ɗaya. Kuma a yi hattara da "wa ya fi kowa cin takobi", da "wa ya fi kowa zura ƙwallo": irin waɗannan amsarsu tana tsufa, dole a sake dubawa a makon gasar.

Tambayar wasa da ke raba gwani da mai ƙarfin baki ita ce wadda amsar da ta fara zuwa kai ba ita ba ce. Wa ya fara samo wa Nijar lamba a Olamfik? Samari za su yi caraf su ce Alfaga, wanda ya ci azurfa a taikwando a Rio a 2016. Amsa ita ce Issaka Daboré, tagulla a dambe, Munich, 1972. Sau nawa Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta je Kofin Afirka a jere, kuma yaushe? Sau biyu, 2012 da 2013. Kada ƙwallon Turai ya cinye fannin. A cikin biyar, ɗaya ta ishe shi. Sauran a raba tsakanin kokowa, dambe, Mena da Kofin Duniya, wanda aka fara a Urugwai a 1930, ya zo Afirka ta Kudu a 2010, Maroko kuma ta kai kusa da na ƙarshe a Ƙatar a 2022.

Labarin ƙasa yana da daɗin rubutawa, shi ya sa ake sakaci da shi. Jihohin Nijar 8 ne in an haɗa da Yamai, 7 in an cire ta, don haka a faɗa a cikin tambayar. Maƙwabta 7 ne: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali. Jihar Damagaram tana da gunduma 10 ban da birnin kansa, kuma a nan akwai tambaya mai ɗanɗano: wace gunduma ce sunanta daban da na hedkwatarta? Kance, wadda hedkwatarta Matamai. Dutsen da ya fi tsawo a ƙasar yana cikin tsaunukan Bagzan a Ayar, mita 2,022, amma tsofaffin littattafan lakwal sun ce Greboun ne. Mushen da ya yi karatu da tsohon littafi ba ƙarya yake ba, littafin ne ya tsufa. In za a yi wannan tambayar, alƙalai su riƙe bayanin a hannu. Ƙasa mafi girma a Afirka Sudan ce har 2011, daga nan Aljeriya. Kogi mafi tsawo a duniya ana jayayya tsakanin Nilu da Amazon, sai a ce "a Afirka", gardama ta mutu.

Sai maganar suna. Damagaram da Zinder, Yamai da Niamey, Tawa da Tahoua, kogin Isa da Kwara da Neja, duk a rubuta su a katin a matsayin karɓaɓɓu. A zagayen ardwaz kada a kayar da yaro don ya rubuta sunan gari da rubutun Faransanci ko na Hausa. In an gane abin da yake nufi, ya ci. Wannan ƙa'idar a sanar da ita tun kafin tambayar farko.

Kuɗi ma yana da nasa rami. A kasuwar Dole "ashirin" dala ashirin ce, wato faran 100, jika kuma faran 1,000. Duk tambayar lissafi da ta shafi kuɗi a faɗi ko da dala ake ƙirga ko da faran, in ba haka ba amsoshi biyu za su taso, ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar, kuma duka daidai.

Kimiyya ita ce fannin da harshe ke yi wa ƙafar ungulu. Ɗalibi ya koyi abu da Faransanci, ana tambayarsa da Hausa. Dubi wannan: "Wane tauraro ya fi kusa da duniya?" Mai tambaya yana nufin rana. Amma a bakin Bahaushe rana ba tauraro ba ce, Zara kuwa tauraro ce, ko da yake a ilimin sararin samaniya duniya ce irin tamu mai kewaya rana. Irin wannan tambayar a juya ta: "Minti nawa hasken rana ke yi kafin ya iso mu?" Kimanin 8. Ko: "Duniyoyi nawa ke kewaya rana?" Takwas, tun da aka sauke Pluto daga jerin a 2006, mai cewa tara tsohon karatu ya riƙe. A karɓi kalmar kimiyya da kowane harshe ɗan gasa ya kawo ta.

Mafi kyawun tambayar kimiyya ita ce wadda ta fito daga tsakar gida. Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Domin ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa, bushewar tana tafiya da zafi. Me ya sa zane ke fitowa daga karofi da kore-kore sannan ya koma shuɗi? Iska ce ta taɓa babar. Me ya sa azumi ke matsowa kowace shekara? Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana 365, ratar kusan kwana 11. Wane sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, macen ko namijin? Macen. Sai dai tambayar "me ya sa" tana da wuyar yanke wa hukunci, don kowa da yadda zai tsara bayaninsa. A rubuta a katin kalmar da dole ta fito, a ja mata layi: a ta randa "bushewa" ko "tururi", a ta karofi "iska". In ta fito an ci, ko da sauran bayanin ya yi ɗingishi. Irin waɗannan a ajiye su ga zagayen baki, ba na ardwaz ba.

Kiɗa kuwa kada a mayar da shi "wa ya rera wannan" kaɗai. Akwai ilimi mai yawa a kayan kiɗan kansu. Kalangu na mahauta ne a asali, kuma muryarsa tana hawa da sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse igiyoyin jikinsa a hammata. Dundufa ta maƙera ce. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba a buga su ko busa su ga kowa. Goge tsirkiyarsa ɗaya, ta gashin wutsiyar doki, kuntigi ma ɗaya, gurmi da garaya biyu-biyu, molo uku. In an samu aron kayan, a ɗaga ɗaya a ce a faɗi sunansa da masu shi, wannan yana tayar da taro fiye da kowace tambaya. In sauti za a saka, sakan 15 zuwa 20 ya isa, kuma a saurari gutsuren tun a gida, domin mawaƙan Hausa sukan ambaci sunansu ko na ubangidansu a tsakiyar waƙa, amsa ta fito da kanta. A sauya sunan fayil ɗin zuwa lamba, a juya fuskar wayar ga alƙalai. Tambayar taken ƙasa ma tana son shekara, tunda an sauya shi a 2023. In a makarantar Islamiyya ake gasar kuma masu makarantar ba sa son sauti, a tsaya kan sunayen kaya da rubutacciyar waƙa. A tambaye su tun farko, kada a bari sai ranar.

Awon nauyi

Wanda ya rubuta tambaya ba ya iya gane wuyarta, don ya riga ya san amsa. A nemi mutum uku masu shekaru da karatu irin na ƴan gasa, daga wata unguwa, waɗanda ba su da ɗan'uwa a ciki. A karanta musu. Wadda duk ukun suka amsa mai sauƙi ce. Wadda ɗaya ko biyu suka amsa matsakaiciya. Wadda ba wanda ya amsa amma da suka ji amsar suka ce "ash, ai na sani", ita ce mai wuya ta gari. Wadda suka ji amsar suka ɗaga kafaɗa, a jefar da ita, ba ilimi take aunawa ba. A kowace biyar a sa mai sauƙi 2, matsakaiciya 2, mai wuya 1, kuma tambayar farko ta gasar ta zama wadda kowa zai ci, don hannu ya daina rawa.

A zagayen baki sai an daidaita tambayoyi biyu-biyu. In aka tambayi wannan ƙungiya shekarar juyin mulkin Kountché, 1974, a tambayi waccan wani abu mai nauyi irinsa, kamar shekarar taron ƙasa, 1991, ba sunan babban birni ba. A zuba kowane saiti a ambulan mai lamba, shugaban ƙungiya ya ja da hannunsa. Wanda ya ja da kansa ba ya cewa an yi masa zaɓe.

Mutum biyu kawai za su san tambayoyin ƙarshe, kuma kada ɗayansu ya zama mai horar da wata ƙungiya. Kada a tura su ta WhatsApp ko ga shugaban kwamiti ne. In a shago za a buga, a tsaya a kai, a karɓi har takardun da suka lalace, a ga an goge fayil ɗin. Rubutun hannu mai kyau a kan kati ya fi wannan duka kwanciyar hankali.

Ranar gasa

Ma'aikata shida: mai gabatarwa, mai agogo da ƙararrawa, mai rubuta maki a babban allo inda kowa ke gani, da alƙalai uku. Uku, don in biyu sun saɓa na uku ya raba. Mai gabatarwa ba alƙali ba ne. Ya karanta, ya saurara, ya dubi teburin alƙalai. Ya karanta katunan da ƙarfi tun daren jiya, musamman sunayen waje da lambobi, kuma ya karanta abin da ke rubuce ba ƙari. Yawancin amsoshin da ke zubewa daga bakin mai gabatarwa suke fita, garin son ya ƙawata magana.

Maki 2 ga amsa daidai. A zagayen baki, in ƙungiya ta faɗi ko lokacinta ya ƙare, tambaya ta koma ga abokiyar karawa a kan maki 1, da sakan 10. Ba a rage maki don kuskure. Ragewa tana sa yara, musamman ƴan mata da ƙanana, su yi gum ko sun sani. Amsar farko da ta fito daga bakin shugaban ƙungiya ita ce amsa. Mai gabatarwa ya tabbatar sau ɗaya: "Ƴan Birni, kun tsaya a kan haka?" In sun ce e, an rufe.

A karɓi wayoyin ƴan gasa a zuba a kwali, kowace ƙungiya da ledarta. A bar tazarar taku shida ko bakwai tsakaninsu da sahun farko na ƴan kallo, su kuma ba taro baya ko gefe, don amsa takan zo ta ido da yatsa fiye da ta baki. In wani ya yi ihun amsa, a soke tambayar nan take a ɗauko ta ajiya daga fanni ɗaya, ko wa abin ya taimaka. In aka yi haka sau ɗaya da wuri, taro da kansa zai tsawata wa na biyu.

Ƙorafi yana da hanyarsa: shugaban ƙungiya kaɗai, kafin a karanta tambaya ta gaba, alƙalai kuma minti 2 gare su. In hujjarsa ta yi ƙarfi, soke tambayar ya fi raba maki. Wuyar ita ce in dattijo ne ya miƙe daga cikin taro, musamman kan tarihin gari, don ba a ce masa ya zauna. Babban alƙali ya tashi ya je gare shi da kansa, ba ta lasifika ba, ya rusuna ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, mun ji. Mun ɗage wannan tambayar, in an tashi za mu zo mu ƙaru." Sai a ɗauko ta ajiya a ci gaba. Abin da aka ajiye goma sha biyar ɗin nan dominsa ke nan.

In aka yi kunnen doki, kada a shiga jera tambayoyi har dare. A yi ta lamba, kowa ya rubuta a ardwaz, wanda ya fi kusa ya ci: tsawon dutsen Kilimanjaro, mita 5,895, faɗin Nijar, murabba'in kilomita 1,267,000, ƙasusuwan jikin baligi, 206, shekarar da aka buɗe matatar man fetur ta hanyar Tanut, 2011. Da wuya a kai ta biyu.

Lasifika mai batir a caje ta tun dare, a kuma tanadi ta biyu ko mai gabatarwa mai murya, domin wuta ba ta yin sallama in za ta tafi. Alli, tsumman goge allo ga kowace ƙungiya, randa ko jarkar ruwan sha kusa da ƴan gasa. Kyauta ta zama a kan tebur tun kafin a fara, ba alkawari ba: kaye, bik, ƙamus, taswira, fitila mai caji. Ƙungiyoyin da suka fita a zagayen farko su ma a ba su wani abu, ko kaye bibbiyu ne da ƙullin alkaki, in ana son su dawo baɗi.

Bayan an watse, kafin a naɗe tabarmi, mai rubuta maki ya zauna da katunan zagayen farko ya rubuta a bayan kowanne ƙungiya nawa suka ci shi cikin takwas. Wanda takwas suka ci da wanda ba ko ɗaya a ware su gefe, wanda ya jawo ƙorafi a rubuta dalilin. Sauran a ɗaure su da roba fanni-fanni, a sa kwanan wata a kan ambulan, a ba wanda zai shirya ta gaba.